Filin Makiyaya: Abin da Za a Shuka wa 'Yan Raguna Don Su Yi Ƙiba a Bazara

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata a kan abu guda suke, wato abincin 'yan raguna bayan yaye, a lokacin da zafi ya kankama ciyawa ta fara tsufa. Mun zaɓi guda huɗu, kuma ta farkon ce za ta ci mafi yawan filin domin sauran rassanta ne.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sa ran yaye 'yan raguna arba'in a farkon bazara, kowannensu bai wuce kilo 28 ba, kuma ina so su kai kilo 40 kafin in sayar. Duk shekara da zarar zafi ya shigo ciyawar makiyayata takan yi kara ta fitar da kai, sai in ga suna ci tun safe har yamma amma jikinsu yana nan yadda yake, wasu ma har da zawo. Ina da hekta biyu da zan iya warewa in shuka musu wani abu. Wani ya ce alfalfa, wani ya ce cikori, wani ya ce dangin kabeji, maƙwabcina kuma ya ce dawar kiwo ta fi su duka yawa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a garken. Kafin mu zo kan sunayen shuke-shuke ya kamata mu fara da cikin ɗan ragon kansa, domin a nan matsalar take. Ɗan rago mai kilo 30 ba ya cin abin da ya wuce kilo ɗaya da giram 200 na busasshen nauyi a yini, wato abin da zai rage idan aka busar da ruwan jikin ciyawar gaba ɗaya. Tumbinsa ƙarami ne, kuma duk abin da ya shiga sai ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin sun narkar da shi kafin wani ya samu wuri. Ganye mai taushi yakan narke da wuri ya wuce, dabbar ta koma ta ci wani. Kara kuwa yakan daɗe a tumbi, ɗan ragon yana ta tuƙa, cikinsa a cike, amma abin da ke isa jininsa kaɗan ne. Ciyawa idan ta fitar da kai ƙarfinta yakan koma wajen yin iri, zarenta ya yi tauri, furotin ɗin da ke cikinta ya sauko daga kusan kashi 20 cikin 100 zuwa kashi 8 ko ƙasa da haka, alhali ɗan rago mai tasowa yana bukatar kashi 14 zuwa 16. Babbar saniya ko tunkiyar da ba ta shayarwa za ta iya lallaɓawa a kan irin wannan abinci, amma wanda ake so ya ƙara kilo 12 cikin wata biyu ba zai iya ba. Saboda haka abin da za ka auna kowace shuka da shi shi ne yawan ganyen da bakin ɗan rago zai iya kaiwa a ranakun da kake bukata, kuma a wannan ma'auni dawar maƙwabcinka, duk da ta fi sauran tsayi da cika ido, ita ce a ƙarshen layi.

Ba ka faɗa mini irin bazarar wurinku ba, kuma wannan ne rabin amsar. Sunan bazara ɗaya ne amma halinta ya bambanta: akwai inda take zuwa da ɗumi da ɗan ruwan sama jefi-jefi, akwai kuma inda rana ke ƙona ƙasa har sai an yi ban ruwa ko an jira saukar ruwa kafin wani abu ya tsiro. Cikori da kuloba, wato wata gajeriyar shuka ta dangin wake mai ganye uku-uku, da dangin kabeji na nau'in farko ne, idan zafi ya daɗe sama da digiri 30 girmansu yakan ragu ƙwarai. Gero da wake da lablab, wani irin wake mai yaɗo, na nau'i na biyu ne, su kuma ba sa tsirowa da kyau sai ƙasa ta yi ɗumin da ya kai wajen digiri 18.

Alfalfa, wata shukar kiwo ta dangin wake, abinci ce ta ƙwarai, furotin ɗinta yakan kai kashi 18 zuwa 22, saiwarta kuma tana nutsawa mita da dama cikin ƙasa, shi ya sa takan zauna kore shar bayan ciyawar da ke kewaye da ita ta bushe. Sai dai ba ta 'yan ragunan bana ba ce. Tana da jinkirin kafuwa, ba ta son ƙasa mai tsami, domin tana bukatar ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ƙasa, ya kai 6.5 ko kusa da haka, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinta na 'yan kwanaki sai saiwar ta ruɓe. Wanda ya shuka ta jari ya zuba na shekara huɗu ko biyar, da sharaɗin a bar ta ta huta mako biyar zuwa shida tsakanin kiwo da kiwo. Ita da kuloba suna kumbura ciki idan dabba mai yunwa ta afka musu da safe raɓa na jikinsu, za ka ga kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga, dabbar tana numfashi da ƙyar.

Idan bazararku tana samun ɗan ruwa, cikori ce zaɓina, kuma zan faɗi dalili. Ganyenta faffaɗa ne mai taushi, kusan babu zaren da zai tsaya a tumbi, tana da saiwa guda mai kauri da ke bin danshi zuwa ƙasa, tana kuma ɗauke da ma'adinai fiye da yawancin ciyayi. A New Zealand aka fara fitar da irin da aka tace musamman don kiwo, mai suna Grasslands Puna, a shekarar 1985, daga nan ya bazu zuwa Ostireliya da Birtaniya da Amurka. 'Yan raguna masu lafiya a kan cikori mai kyau suna iya ƙara giram 250 ko fiye a yini, a lokacin da 'yan uwansu da ke kan tsohuwar ciyawa ba sa kai 150. Tana da nata sharuɗɗan. Ba ta cikin dangin wake, don haka ba ta samar wa kanta naitirojin, sinadarin da shuka ke bukata don yin ganye, sai an ba ta taki ko an haɗa ta da jar kuloba da farar kuloba, kuma haɗin ya fi, domin kuloba na ciyar da ƙasa tana kuma ƙara furotin. Mutane da yawa suna ƙara filanten a cikin haɗin, wato wani ganye mai siririn tsayi da jijiyoyi a bayansa, wanda ba shi da wata dangantaka da ayaba duk da kamannin suna. Ba a sakin dabbobi a kan cikori su zauna. Ana raba filin gida-gida, a shigar da su idan ta kai santimita 20 zuwa 25, a fitar da su idan ta sauko zuwa 5 ko 7, a dawo bayan mako uku ko huɗu. Kiwon farko kuwa sai an gwada: ka kama ganye ka fizga kamar yadda rago zai yi, idan shukar ta tumɓuke da saiwarta to ba ta isa ba tukuna. A shekara ta biyu takan yi ƙoƙarin fitar da doguwar sanda mai shuɗin fure, kuma idan aka bar ta ta yi, ta koma irin karan da kake gudu. Abu ɗaya game da jar kuloba: tana da sinadari mai kama da na haihuwa da ke hana tumaki ɗaukar ciki, saboda haka 'yan ragunan yanka su ci son ransu, amma a nisanta iyaye mata daga gare ta mako shida kafin barbara da mako shida bayanta.

Dangin kabeji, musamman ref na kiwo da tanif mai ganye, waɗanda ake shukawa don dabbobi su ci ganyensu, amfaninsu sauri ne da yawa a lokaci guda. Ref yakan isa kiwo cikin mako 10 zuwa 14, yana da ƙarfi kusa da na hatsi, amma shuka ce ta kaka ɗaya kuma tana da haɗarin da za ka gani a wasiƙa ta gaba. Kada a maimaita dangin kabeji a fili ɗaya sai bayan shekara huɗu ko biyar, saboda wata cutar ƙasa da ke kumbura musu saiwa.

Idan kuwa wurinku mai tsananin zafi ne, ka shuka geron kiwo haɗe da wake ko lablab. Gero yana isa kiwo cikin mako shida zuwa takwas, yana jure fari da ƙasa mai yashi, kuma ba shi da gubar da ke cikin ɗanyar dawa. Shi kaɗai ba zai ba ka ƙibar da kake so ba sai an riƙe shi gajere, a shigar da dabbobi yana wajen santimita 45, kafin ya yi gaɓa. Waken ne ke ɗaga furotin. Lablab ya fi wake jinkiri, amma yakan daɗe yana kore bayan wake ya zubar da ganye, don haka wanda ya shuka su biyun ya tsawaita kwanakin kiwonsa. Kada ka yi mamaki idan 'yan ragunan suka ƙi taɓa waken a kwanakin farko suna bin geron kawai, haka suke yi da duk abin da ba su saba da shi ba.

Yanzu ga lissafin hektarka biyu. Kilo 12 a kan giram 200 a yini kwana 60 ke nan. A tsakiyar tafiyar kowane ɗan rago yana wajen kilo 34, zai ci kimanin kilo 1.4 na busasshen nauyi, su arba'in kilo 56 a yini, a kwana 60 kilo 3,360. Amma ba duk abin da ya tsiro ne zai shiga ciki ba, wani za a tattake, wani za a ɓata da kashi, karan kuma bai kamata ka tilasta musu cinye shi ba. Idan muka ɗauka kashi 70 ne za su ci, kana bukatar kilo 4,800 a tsaye. Shukar da ta ba da tan huɗu a hekta za ta bukaci hekta ɗaya da ɗan ɗori, wato 1.2. Kada ka yarda da ido wajen sanin yawan abin da ke filin. Ka auna mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi a wurare huɗu ko biyar, ka yanke, ka shanya har nauyin ya daina raguwa, ka ɗora a sikeli. Giram 400 a murabba'in mita shi ne tan huɗu a hekta. Da ni ne, zan ba shuka mai sauri hekta 1.2 domin na bana, ragowar in kafa cikori da kuloba ko alfalfa domin shekaru masu zuwa. Ka kuma ƙirga daga ranar yaye ka koma baya ka samu ranar shuka, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mafi yawan waɗanda suka ce wata shuka ta ba su kunya sun makara ne da mako uku. Maganar zawon da ka ambata tana cikin amsa ta ƙarshe.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bara na shuka ref, ya yi kyau ƙwarai, na buɗe wa 'yan ragunana shi rana ɗaya. Mako biyu na farko sai ramewa suka yi, biyu masu farar fuska kunnuwansu suka kumbura suka yi ɓawo, daga baya na ga ɗaya yana fitsari ja. Mijina ya ce in daina shuka shi. Ina laifin yake?

Amsa: Malama, abubuwa uku ne daban-daban suka same ki, kuma biyu daga ciki gaggawa ce ta jawo su. Ramar farko ta sauyin abinci ce. Ƙwayoyin tumbi da suka saba da ciyawa suna bukatar kwana bakwai zuwa goma kafin su koma kan sabon abinci, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli 'yan raguna ranar farko a gonar ref ya san abin da suke yi: sukan bi gefen shinge suna tsintar 'yar ciyawar da ta rage, su aske ta ƙarƙaf, ganyen da aka shuka dominsu kuwa su sunsuna su wuce. Yunwa ce ke tura su ciki daga baya, su ci fiye da kima, a shiga neman ƙiba a samo rama. Hanyar da ta dace ita ce a shigar da su cikinsu a cike, awa ɗaya ko biyu a ranar farko, a riƙa ƙarawa kullum, a bar musu ingirici ko ciyawa a gefe har ƙarshen kiwon. Ref ruwa ne ya fi yawa a jikinsa, zarensa kaɗan, don haka kada ya wuce kashi 70 na abin da suke ci.

Kumburin kunne alama ce ta cewa ref ɗin bai nuna ba. Ɗanyen ref yana sa fata ta kasa jure rana, kuma wuraren da ba su da gashi sosai ko baƙin launi, kamar kunne da fuska, su ke fara ƙonewa. A yawancin ire-irensa ana jira har gefen ganyen ya fara sauyawa zuwa launin shunayya. Wanda abin ya kama a mayar da shi inuwa, a ba shi busasshen abinci. Jan fitsarin kuwa daga wani sinadari ne mai sulfa da ke cikin dukkan dangin kabeji, wanda tumbi ke juya shi ya zama abin da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Yakan ƙaru idan shukar ta tsufa ta fara fure ko an cika mata takin sulfa, kuma duk dabbar da aka ga haka a cire ta nan take a kira likitan dabbobi. Dangin kabeji suna kuma hana jiki amfani da sinadarin aidin yadda ya kamata, saboda haka a ajiye musu gishirin lasa, amma na tumaki, domin na shanu yana da tagulla da yawa kuma hantar tunkiya takan tara ta har ta kashe ta. Kafin a kai su kowace irin shuka mai ƙarfi a tabbatar an yi musu allurar rigakafin cutar nan ta hanji da ke kashe mafi ƙiba a garke farat ɗaya, allura biyu, mako huɗu zuwa shida tsakani. Ki gaya wa maigida a sake gwadawa bana, a bi waɗannan matakai.

Tambaya: Malam, na yanke dawar kiwo, aka yi fari, sai ruwa ya sauka ta sake tohowa kore shar. Zan iya sakin raguna a kai?

Amsa: Kada ka sake su, Malam. Tohon dawa da gyauronta, musamman wanda ya fito bayan fari ko yanka, yana ɗauke da sinadarin da ke zama gubar sayanayid da zarar an tauna shi, kuma rago na iya faɗuwa cikin ƙasa da awa ɗaya, yana haki yana makyarkyata. Ka jira ta kai santimita 60. A nan ne matsalar dawa take ga mai kiwon 'yan raguna, domin kafin ta kai tsayin da za a amince da ita ta fara wuce taushin da suke bukata. Idan aka yanke aka shanya ta bushe sosai yawancin gubar takan fita. Akwai guba ta biyu, ta naitiret, wadda ke taruwa a gindin karan dawa da na gero idan an zuba taki da yawa sannan fari ya tsayar da girma, ita kuwa shanya ba ta fitar da ita. Idan dabba ta mutu a duba jininta: na sayanayid ja ne jawur, na naitiret kuma ruwan ƙasa ne mai duhu. Ka faɗa wa likita wanda ka gani, domin maganin kowanne daban ne.

Tambaya: Malam, na ji an ce wanda ya shuka cikori ya huta da sayen maganin tsutsar ciki. Gaskiya ne?

Amsa: An ƙara wa maganar gishiri, Malam, amma tana da tushe. Sabon filin da aka nome aka shuka ba shi da tsutsotsin da tumaki suka zubar bara, wannan shi ne babban amfanin. Na biyu, yawancin 'ya'yan tsutsa suna zama ne a santimita biyar na ƙasan ciyawa inda danshi yake, saboda haka ɗan ragon da ke cin ganye daga sama ba ya haɗiyar da yawa. Na uku, cikori da wasu dangin wake masu ɗacin tanin, irin su sanfoyin da lesfediza, suna rage ƙarfin tsutsa a ciki. Ragewa suke yi, kuma ragewa ba ta isa a jingina da ita a lokacin ɗumi da danshi, lokacin da tsutsar nan mai shan jini, Haemonchus contortus, ke zuba ƙwai dubu biyar zuwa dubu goma a yini kowace mace guda, ƙwan kuma ya zama abin da zai kama wata dabba cikin mako ɗaya. Ita ba ta cika sa zawo ba, jini take shanyewa, sai a ga ɗan rago yana ja baya a garke, wani lokaci ƙasan haɓarsa ya kumbura da ruwa. Zawon da mai wasiƙar farko ya ambata ya fi kama da na wasu tsutsotsin hanji ko na koksidiya, wasu ƙananan ƙwayoyin cuta na hanji, kuma gwajin kashi a wurin likita ne zai bambanta su.

Duk mako biyu ka kama kowane ɗan rago a wuri mai haske, ka danna fatar idonsa ta sama da babban yatsa, ka ja ta ƙasa, ka dubi launin cikinta. Ja lafiya ce, ruwan hoda mai haske gargaɗi ne, fari kuwa magani yake bukata a ranar. A Afirka ta Kudu aka tsara wannan hanya, da katin launuka biyar da ake kira FAMACHA. Kada kuma ka ba garken duka magani ka wuce da su sabon fili a rana ɗaya, domin tsutsotsin da suka tsira daga maganin, wato waɗanda ba ya ci, su kaɗai ne za su cika filin da ƙwai. Ka bar ɗaya cikin goma na mafi ƙoshin lafiya ba tare da magani ba, ko kuma ka mayar da su tsohuwar makiyayar na kwana huɗu zuwa bakwai bayan maganin kafin ka buɗe musu cikorin.